Shekarar da Inna Ta Riƙa Dafa Ruwa

Bana damina ta tsaya mana a tsakiya. An yi ruwan shuka, gero ya fito har ya rufe idon sawu, sai sama ta ɗauke kamar ba ita ba. Ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Kalgo, kuma a makon da zafin ya fi tsanani ne manhaja ta kawo mu kan darasin yadda ruwan sama ke haɗuwa. Ina tsaye gaban allo, gumi na bin bayana, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce wayar yayanta ta nuna za a yi ruwa jibi. Na ce Allah ya sa. Na leƙa ta taga, na hango gonar da ke bayan katangar makaranta, ganyen gero duk ya nannaɗe kamar tsinke. Daga nan hankalina ya bar ajin, ya koma Gwandu, shekaru talatin da wani abu baya.

A lokacin ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Ni ce ɗiyar fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce “ke wagga”. Manomi ne, kuma a unguwarmu an san shi da abu guda: rumbunsa ba ya ganin ƙasa. Hatsin bana yakan tarar da na bara. Idan ruwan shuka ya sauka, mutanen ƙauyukan kewaye, daga Maruda har Ceberu, sukan zo ƙofar gidanmu neman iri, ya shiga ya ɗebo musu ba tare da ya auna ba. Idan noma ya yi yawa, shi ke ɗaukar 'yan ƙwadago, Inna ta dama musu fura a babbar ƙwarya mu kai gona.

Shekarar da ta gabaci wadda nake faɗa, amfanin bai yi auki ba, amma Baba bai rage hannunsa ba. Da bazara ta shigo muka share gona, muka ƙone tushiya, aka kai taki a kan jakin maƙwabta. Zafin bazarar nan har yau ina jinsa a tafin ƙafata. Ruwan randa kan yi ɗumi tun hantsi, kaji su buɗe baki su fake a gindin rumbu. Sai wata rana hadari ya taso daga gabas, aka zuba ruwa mai kyau, ƙasa ta yi wannan ƙamshin da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Washegari kowa ya fita. Baba na gaba yana sara da sungumi, muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Tsiro ya fito, rana ta ƙone shi. Aka sake samun yayyafi, muka sake shuka, ta sake ƙonewa. A shuka ta uku ne gero ya kama, amma duk irin nan daga cikin abincinmu ya fito, mu da mutanen da suka yi ta dawowa ƙofar gida.

Bayan noman farko ruwa ya ɗauke gaba ɗaya. A cikin kwanakin ne na ga Baba ya shiga rumbu da tsintsiya. Ban taɓa ganin an shiga rumbunmu da tsintsiya ba sai lokacin kaka, idan za a zuba sabon hatsi.

Inna ta sake tsarin gida ba tare da ta yi wa kowa bayani ba. Da safe kunu ne tsararo, wanda kana iya ganin gindin kofi ta cikinsa. Idan na dawo daga makaranta, ni da ƙannena mu bi gefen fadama mu tsinko tafasa da yaɗiya, ta dafa ta matse ta kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli, mu ci da la'asar a cikin ɗaki, an saki labule. Shi ke nan abincin yini. Amma idan rana ta yi sanyi, lokacin da kowane gida ke ɗora tukunyar tuwo, ita ma sai ta zaro kara daga tsohuwar danga ta hura wuta, ta ɗora tukunya cike da ruwa. Wani lokaci har ta zuba dusa a turmi ta yi ta lugude. Katangar da ke tsakaninmu da gidan maƙwabciyarmu Inna Kulu gajeriya ce, ana ganin hayaƙin juna, ana jin taɓaryar juna. Ruwan idan ya tafasa, da shi take yi wa yara wanka. Ba wanda ya ce mana kada mu faɗa. Mun dai sani.

A makaranta kuwa, darasin da na fi so ke nan ya zo. Malam Garba, malaminmu na kimiyya, siririn mutum ne mai saurin magana, ba ya iya koyar da abu sai ya kawo shi aji an gani. Ranar ya shigo da risho da butar shayi da farantin tasa. Ya kunna wuta, ruwa ya tafasa, ya zuba ruwan sanyi a cikin farantin ya riƙe shi a saman tururi. Muka taru muna leƙen ƙasan farantin, sai ga ɗigo-ɗigo suna haɗuwa, suna yin nauyi, suna faɗowa kan tebur. Ya ce abin da ke faruwa a sama ke nan. Rana ce wutar, teku da gulbi da tabki su ne butar. Zafi ke ɗaga ruwa ya zama tururi, ya hau can inda ake sanyi, ya dunƙule ya zama gajimare, idan ya yi nauyi ya faɗo mana. Ya zana mana iska biyu a allo: ɗaya mai laima da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma, ɗaya busasshiya daga arewa. Ya ce damina tana samuwa ne idan mai laimar ta turo ta iso ƙasarmu ta zauna, idan kuwa ta ja da baya, ko da tsakiyar damina ne, sai a ga abin da muke gani a waje.

Kafin a tashi ya ba mu aikin gida. Ya ce kowa ya jira lokacin da ake girkin yamma, ya riƙe faranti mai sanyi a saman tukunya, ya duba ɗigon da ya taru, ya sansana, ya ɗanɗana, gobe ya zo ya ba da labari.

Na yi aikin da zuciya ɗaya. Inna na tsakar gida tana tsefe wa ƙanwata kai, na ɗauko murfin kwano, na zuba masa ruwan randa, na riƙe a saman tukunyarta har hannuna ya gaji. Ɗigon ya taru garau, na lasa, ba ɗanɗanon komai. Murna ta hana ni tunanin wani abu daban.

Washegari yara suka yi ta faɗin nasu. Wani ya ce nasa warin daddawa yake, aka yi dariya. Wata ta ce nata ƙamshin kifi. Da aka zo kaina na ce nawa fari ne tas, ba wari, ba ɗanɗano, kamar ruwan sama da aka tara a sabon kwano. Malam Garba ya yi tsalle don jin daɗi. Ya kira ni gaban aji, ya ce ga amsar da yake nema, domin tururi yakan bar gishiri da datti a baya, shi ya sa ruwan da ya taso daga teku mai gishiri yake sauko mana ba gishiri. Sai ya juyo gare ni yana murmushi, don ya ƙarasa misalinsa.

“To gaya musu, Hafsatu, me aka dafa a tukunyar?”

Na buɗe baki in ƙirƙiro wani abu, ba abin da ya zo. Na ce ruwa ne.

Wani yaro daga baya ya tambaya ko ruwa muka ci jiya, wasu suka kwashe da dariya. Balki, ɗiyar Inna Kulu, wadda muke zama benci ɗaya, ta miƙe don ta kare ni. Ta ce ƙarya ne, ita da idonta ta ga hayaƙin tuwonmu jiya, kuma kullum tana gani. Tana cikin faɗa ta dube ni, maganar ta maƙale mata. Na ga lokacin da murmushin Malam ya gushe. Ya yi sauri ya ce madalla, ai da ruwa zalla ya kamata a yi gwajin tun farko, ya umarce mu mu buɗe littafi. Amma an riga an ji. Tafiyar da na yi daga allo zuwa bencina ita ce mafi tsawo da na taɓa yi. Na ji kamar kowa na iya hango cikin cikina ya ga tafasar da ke ciki.

Tun da na fara koyarwa, wannan gwajin a aji nake yinsa, da butata da gawayina. Ban taɓa aika yaro ya leƙa tukunyar gidansu ba.

Da yammar ranar, Inna ta ɗora ruwanta kamar kullum, sai ga sallamar Inna Kulu. Ta shigo da ƙwarya a ka, an rufe da faifai. Ta sauke a bakin ɗaki, ta yi ta zancen zafi da ciwon ƙafarta, sannan ta ce gero ne ya yi mata yawa, ƙwari na neman shiga, ta ce bari ta kawo a taya ta ci kafin ya lalace. A shekarar nan ba gidan da gero ya yi wa yawa. Ba ta kalli murhu ba ko sau ɗaya, kuma rashin kallon nan ya fi kallon ciwo. Inna ta yi godiya da murya ƙasa-ƙasa. Bayan baƙuwar ta fita, ta je ta janye karan daga wuta, ta yayyafa masa ruwa. Ba ta sake hura wutar yamma don a gani ba.

Ba ta doke ni ba, ba ta ma tambaye ni ba. Ni ce na same ta na faɗa mata yadda aka yi, ina kuka. Ta ce in share fuskata in zo in taya ta surfe. Da Baba ya dawo daga gona ya tarar da tuwo na gaske, ya dubi Inna, ta faɗa masa a taƙaice. Ya dubi ƙannena da suka riga suka zagaye kwano. Ya ce a ci. Shi kuwa loma kaɗan ya yi ya wanke hannu. Daga ranar ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci. Yana sallame salla zai ɗauki takalmansa ya wuce gida, kansa a ƙasa.

Ni ma na daina zuwa makaranta. Na ce kaina ke ciwo, washegari na ce cikina, daga baya na daina kawo dalili, na riƙa bin Baba gona. Ba wani aiki a gonar. Ƙasa ta yi tauri, kalmen noma na dukanta yana tashi da ƙara. Mukan zaga ne kawai, ya duƙa ya tone gindin gero da yatsa ya ga ko akwai sauran laima, ya miƙe mu yi gaba. An fita roƙon ruwa a filin idi, maza da yara, an dawo cikin rana. Kusan kowace la'asar hadari kan haɗu a gabas, baƙi ƙirin, har a ji sanyin iskarsa, mata su fito da robobi da tukwane. Sai iska ta taso ta watsa shi, ya wuce ta yamma, a mayar da robobi ciki a bushe.

Wata rana muna zaune a inuwar gawo muna kallon irin wannan hadarin yana watsewa, Baba ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, abin da malaminmu ya ce game da wanga al'amari. Na yi mamaki, don ban zaci zai so jin sunan makarantar ba. Na ɗauki tsinke na zana masa iska biyun a ƙasa. Na faɗa masa abin da Malam Garba ya ce, cewa yanayi iri biyu ne. Akwai na yau da gobe, ruwa ko rana ko iska, wanda ke sauyawa kamar fushin mutum na yini guda. Akwai kuma na shekara da shekaru, yadda damina da kaka da rani ke bin juna a ƙasa, wanda yake kamar halin da aka san mutum da shi. Ya saurara har na gama. Ya ce ashe ke nan ƙasar fushi take yi, ba hali ta sake ba. Na ce haka Malam ya ce. Ya gyaɗa kai, ya ce komai da ikon Allah ne, amma malamin nan ya san abin da yake faɗa.

Yau idan ɗalibaina suka yi mini irin wannan tambayar, ba na iya ba su amsa da ƙarfin da na ba Baba. Farkon damina ya zama abin da ba a iya dogara da shi, wata shekarar kuma ruwan ya zo da yawa har gulbi ya haura ya ci shinkafar mutanen Kalgo. Akwai rediyo da ke faɗin lokacin da ya dace a yi shuka, akwai irin da ke nuna da wuri, akwai injin ban ruwa mai aiki da hasken rana a fadama. Mu a lokacin sai ido da gabas.

Bayan kwana kaɗan Baba ya shaida wa Inna cewa zai tafi Kalgo wurin Kawu Altine, yayan Inna, mai gonar shinkafa a fadama. Can ƙasar na riƙe ruwa ko da sama ta hana, kuma ana neman hannu wajen cire ciyawa. Ba ziyara zai je ba, ƙwadago zai yi, a gonar surukinsa, tare da irin mutanen da shi ke ɗauka a da. Inna ta ce ko ya bari a aika wa Kawu ya taimaka da wani abu. Ya ce ya ci kyautar ƙwarya ɗaya, ya isa.

Da safiyar tafiyarsa ya fito da keke, ya ce in sa kayan makaranta. Na tsaya a bakin ɗaki na ce ba zan iya shiga ajin nan ba. Bai yi faɗa ba. Ya jira har na sa, ya ɗora ni a baya. Muka bi ta cikin gari, ta gaban masu tallan koko, ina ɓoye fuskata a bayan rigarsa. A ƙofar makaranta ya tsaya, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa.

“Ke wagga,” ya ce, “rumbun nawa ne, ni na kasa cika shi. Kunyar tawa ce. Ki bar min abata, ki shiga ki yi karatunki.”

Na shiga. Ba wanda ya yi dariya, kuma hakan bai sa na ji sauƙi ba. Balki ta matsa mini wuri na zauna. Da aka fita tara ta raba ƙosanta biyu ta ajiye rabi a kan bencin tsakaninmu, ta juya tana kallon wani wuri. Na daɗe ina yi kamar ban gani ba, sannan na ɗauka. Malam Garba bai taɓa tayar da zancen ba. Ya dai ba ni aikin duba gwangwanin da ya kafa a filin makaranta don auna ruwan sama, kowace safiya in je in leƙa in dawo in ce babu.

Baba bai fi mako da tafiya ba ruwa ya dawo. Da azahar ne, muna aji. Iska ta fara buga tagogi, gari ya yi duhu, sai ƙarar ɗigon farko a kan kwanon rufi, ɗaya-ɗaya, masu nauyi, sannan ya ɓarke har ba ma jin muryar Malam. Ya ajiye alli ya tsaya a bakin ƙofa, feshi na jiƙa masa wando. Na koma gida ina tsoma ƙafa cikin ruwan da ke gudu a lungu, na tarar da Inna a tsakar gida ta jiƙe sharkaf tana jera duk abin da zai iya tarar ruwa.

Geron da muka ɗauka ya mutu ya warware ganyensa cikin kwana biyu, sai dai rabin gonar ya riga ya tafi. Ciyawa ta taso da ƙarfi, ga maimai ya zo, ga mai gona ba ya nan. Mijin Inna Kulu ya tara mazan unguwa suka yi mana gayya. A da idan an yi aiki a gonarmu fura da nono ake kaiwa. Ranar kunun tsamiya muka kai, da geron da matarsa ta kawo mana, na sauke tulun a bakin gona na gudu kafin a buɗe. A gurbin da gero ya mutu Inna ta sa muka shuka wake. Lokaci-lokaci wani direban motar kasuwa kan sauke mana ƙullin shinkafa daga Kalgo, da saƙon cewa Baba na gaishe mu. Da shi muka ja har gero ya yi kai, muka fara gasa tumu.

Ya dawo gab da girbi, ya rame, ya yi baƙi, tafin ƙafarsa duk ya tsage saboda tsayuwa cikin ruwa. Na zaci zai jira gari ya yi shiru ya shigo. Da rana tsaka ya zo, ranar kasuwa, buhun shinkafa ɗaure a bayan keke, yana turawa yana gaisawa da mutane. Bayan la'asar kuma, maimakon ya wuce gida, sai ya zauna a majalisar ƙofar masallaci. Ya aiko a kawo masa ruwa, Inna ta ba ni moɗa na kai.

Ina isa na tarar da wani dattijo da ake kira Baffa Manu, wanda kunnensa ya yi nauyi, yana tambayarsa ina ya shiga kwana biyu ba a ganinsa. Na tsaya cak, ina fatan ya ce ziyarar dangi ya je.

“Kalgo na tafi ƙwadago,” in ji Baba.

Dattijon ya kara hannu a kunne ya ce bai ji ba. Baba ya ɗaga murya, har masu wucewa suka waiwayo.

“Ƙwadago, Baffa. A gonar surukina. Hatsina ya ƙare.”

Baffa Manu ya gyaɗa kai, ya tambaye shi yadda shinkafar can ta yi bana. Baba ya ce ta yi kyau, sai dai tsuntsu ya dame su. Wani ya sa baki ya ce haka aka ce tsuntsun ya yi a Ceberu, zance ya koma kan tsuntsu da yadda ake korarsa. Baba ya karɓi moɗar ya sha, ya miƙa wa na kusa da shi. Na tsaya ina jira a gama in karɓa, na ɗan saci kallon mutanen da ke kan tabarmar. A duk wurin ni kaɗai ce kaina ke sunkuye.